Shekarun da Kuɗi Suka Ɓace: Haraji da Sassauci a Ƙasar Fika, Daga 1929 Zuwa Yau

Tun da aka shiga wannan shekara, duk majalisar da ka zauna a unguwar nan, in ba a yi zancen tsadar masara ba, to za a yi na sabuwar dokar haraji. Wani ya ce an yafe wa talaka, wani ya ce ina, ai asusun banki za a riƙa leƙawa. Rannan bayan la'asar har an kusa a yi ba daɗi tsakanin wani malamin firamare da wani dillalin shanu, kowa yana rantsuwa shi ne ya fahimci maganar. Malamin ya ce shi ya ga sauƙi a albashinsa, dillalin ya ce shi bai ga komai ba sai ƙarin rasit a kara. Da na koma gida sai na ɗauko wani gwangwani da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Babu komai a ciki sai rasidan haraji, nasa da na kakana, an ɗaure su da zare, wasu gara ta ci gefensu, wasu tawadar ta koɗe. Na daɗe ina juya su. Abin da ya zo mini shi ne, malamin da dillalin duk gaskiya suka faɗa, kuma gardamar tasu ta girmi iyayensu, don tun zamanin fam da sule ake yin ta a garin nan.

Haraji dai ba Turawa ne suka kawo shi ba. Kafin su zo, a ƙasar Hausa ana biyan kuɗin ƙasa da kuɗin rafi da kuɗin karofi, makiyayi yana ba da jangali, ga zakka da ake fitarwa daga amfanin gona. Barno ma tana da nata tsarin, haka sarakunan Bolewa na Fika, tun suna kan dutsen Daniski har suka sauko garin Fika. Amma yawancin abin da ake bayarwa a da, daga abin da ƙasa ta bayar ne: damin gero, ɗan akuya, ƙwaryar wuri, turmin saƙi. In damina ta yi kyau a karɓi da yawa, in ta ƙi, mai karɓa ma yana gani da idonsa babu. Abin da Lugga ya yi da dokarsa ta 1906 shi ne ya tattara waɗannan duka ya mai da su haraji guda, sannan a hankali aka ce ba a son hatsi, ba a son wuri, sai kuɗin Bature: anini goma kobo, kobo 12 sule, sule 20 fam. Wajen 1910 wani Bature mai suna Palmer ya kafa baitulmali na farko a Katsina tare da Sarki Muhammadu Dikko, daga nan tsarin ya bazu ko'ina. Wannan Palmer ɗin shi ya zo ya zama Razdan na Lardin Barno a 1917, kuma ƙasar Fika a cikin lardin take. Sarki da hakimai da alƙalai da dogarai suka koma 'yan albashi, albashin kuma daga harajin yake fitowa, bayan gwamnati ta ɗauki nata kason.

A 1922 Moi Muhammadu ɗan Idrisa ya hau gadon sarautar Fika, a 1924 kuma aka dawo da hedkwatar masarautar nan Potiskum, saboda garin yana kan babbar hanyar da ta bi daga Kano da Jos zuwa Maiduguri. Daga wannan lokaci ne kasuwa ta fara cika, fatake da 'yan koli da mahauta da maɗinka da almajirai suka riƙa sauka suna zama, daga Kano, Haɗejiya, Katagum, wasu ma daga Damagaram. Kakannin da yawa daga cikinmu a wannan ayari suka zo. Sun tarar da Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Fulani, aka ba su wurin zama. Abu na farko da hukuma ta yi musu bayan sun kafa bukka shi ne, malamin haraji ya zo ya rubuta sunansu.

Ya kamata matasa su san yadda ake yanka harajin nan, don in ba a san shi ba, ba za a gane abin da ya faru daga baya ba. Di'o da malaman En'e sukan zaga su ƙirga magidanta, su kimanta abin da gari yake samu a shekara daga gona da sana'a da dabba, sai a yanka wa garin kuɗi dunƙule. Dagaci da masu unguwa su ne za su raba wa mutane, wane sule kaza, wane sule kaza. Ka ga ke nan bashin na gari ne gaba ɗaya. In mutum ya mutu ko ya gudu bayan an yi ƙidaya, kuɗinsa ba ya mutuwa, maƙwabtansa ne za su cika. Jangali kuwa da damina ake karɓarsa, kan kowace saniya, lokacin da Fulani suka zauna wuri guda. Harajin magidanta da kaka ake bugawa, daidai lokacin da kowa ya kai hatsi da gyaɗa kasuwa, farashi yana ƙasa. Dagacin da bai cika kuɗinsa ba rawaninsa na rawa, haka hakimi a gaban sarki, haka sarki a gaban Razdan.

Muddin kaya suna da daraja, abin yana tafiya ko da da ƙorafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, fata da ƙirgi da ƙaro da auduga duk kamfanonin Turawa suna saye. A 1930 layin dogo ya kai Nguru, nan arewa da mu. Sai dai kafin jirgin ya iso, duniyar da aka gina shi dominta ta riga ta fara rushewa.

A watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta New York a Amurka ta faɗi. Bankuna suka karye, masana'antu suka rufe, masu yin sabulu da man girki a Ingila da Faransa da Jamus suka rage sayen gyaɗa. Manomin da bai taɓa jin sunan New York ba ya kai buhunsa sikeli ya ga an ba shi abin da bai gane ba. A wannan shekarar ce kuma manyan kamfanonin Turawa suka haɗe suka zama UAC, ga shi dama masu saye sukan haɗa baki a kan farashi, to in kanti ɗaya ya ce ga abin da zai biya, babu inda za ka kai. Farashi ya yi ta gangarowa har ya zama wajen 1933 da 1934 tan ɗin gyaɗa a Kano bai kai rabin kuɗinsa na kafin faɗuwar ba. Fata ta faɗi, auduga ta faɗi, shanu suka bi su. A Jos, bayan yarjejeniyar rage haƙar kuza ta 1931, aka sallami dubban lebura, kuma can ne samari da yawa suke zuwa cin rani su samo kuɗin haraji. Gwamnati ta tsayar da ayyukan hanya da gine-gine, ta rage ma'aikata, ta rage albashi. Duk ƙofar da kuɗi ke shigowa ƙauye ta rufe a lokaci guda. A kan wannan kuma ga fara, wadda ta yi ta sauko wa ƙasashen Arewa shekara bayan shekara a farkon shekarun 1930.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shekarun nan shi ne, kuɗin ne da kansu suka ɓace. Mutum yana da gero a rumbu, yana da awaki a turke, amma sule guda ya gagare shi, kuma wanda zai sayar wa ma ba shi da shi. A kasuwannin ƙauye da dama mutane suka koma musaya, a ba da hatsi a karɓi gishiri ko kanwa, a wasu wuraren ma har wuri ya sake fitowa bayan an ce an kashe shi. Kowa ya yarda da musaya ban da mutum ɗaya, shi ne malamin haraji. Shi sule yake so mai kan Sarkin Ingila.

To, wane sassauci aka yi? An yi, kada a ce ba a yi ba. Da Razdan-Razdan suka ga kuɗi ba sa cika, ga mutane suna watsewa, aka rage kuɗin da ake yanka wa gundumomi a larduna da dama, wasu garuruwan da fara ta cinye aka yafe musu wani kaso. Amma ragin ya zo a makare, bayan mutane sun riga sun sayar da abin sayarwa, kuma bai kama ƙafar faɗuwar farashi ba. Bari in kawo misali, lissafin nawa ne, don a ga yadda abin yake. A ce harajin magidanci sule 6 ne, buhun gyaɗa ma sule 6. Buhu ɗaya ya sallame shi. Shekara ta juya, buhu ya koma sule 2 da sisi. Hukuma ta ji tausayi ta rage masa sule guda, ya koma sule 5. A takarda an yi masa sauƙi, za a rubuta wa Kaduna da Ikko cewa an rage wa talakawa haraji. A gona kuwa, wanda da yake ba da buhu ɗaya yanzu buhu biyu zai bayar. An rage, amma ya ninka.

Dalilin wannan rowa ba ɓoyayye ba ne. Ƙa'idar Ingila ita ce kowace ƙasar da take mulka ta ciyar da kanta, kada ta ɗora wa mai biyan haraji na Landan nauyi. Da kuɗin kwastan suka ragu saboda ciniki ya mutu, sai harajin kai ya zama shi ne abin dogaro, shi ne kuɗin da ba ya raguwa in an matsa. Gwamna Donald Cameron, wanda ya zo a 1931, aikinsa na farko shi ne tsuke bakin aljihu. A shekarar ne ma aka fara ɗora wa Turawa da sauran baƙin 'yan kasuwa harajin kuɗin shiga a wajen Ikko. Kafin nan mai tallan goro yana biya, manajan kanti ba ya biya. Wani abin takaicin kuma, baitulmalin En'e da yawa suna da rarar kuɗi da aka tara a shekarun daɗi, an kai an ajiye a Ingila ana juya su. Kuɗin talakawa ne, amma ba a yi tunanin a dawo da su a saya musu hatsi ko a ɗauke musu harajin shekara guda cur ba.

A daidai wannan lokaci, a can inda gobarar ta tashi, Shugaba Roosevelt na Amurka daga 1933 yana biyan manoma kuɗi, yana ɗaukar miliyoyin marasa aiki su gina hanyoyi da madatsun ruwa, a 1935 ya kafa fanshon tsofaffi. A Ingila marar aiki yana karɓar ɗan abin sawa a baka daga gwamnati. Ashe dai an san maganin, mu ne ba a rubuta wa ba. Abin da Ingila ta ware wa dukkan ƙasashen da take mulka a dokar raya su ta 1929, fam miliyan ɗaya ne a shekara, shi ma da nufin a sayi kayan masana'antunta.

Duk da haka na nan sun fi na hayin Faransa dama. A 1931 yunwa ta faɗa wa yammacin Nijar bayan fara ta cinye gonaki, Faransawa kuma ba su fasa karɓar haraji da aikin tilas ba, mutane suka mutu da yawa, dubbai suka tsallako Nijeriya. A kudu kuma hukuma ta riga ta sha da ƙyar: a ƙarshen 1929 matan Aba da kewaye suka yi bore da suka ji za a ƙirga su a sa musu haraji, sojoji suka harbe mata fiye da 50. A Arewa mutane ba su cika yin bore ba. Ƙafa suke amfani da ita. Mutum ya kwashi iyalinsa da dare ya tsallaka wata masarauta kafin a yi ƙidaya, Bafillace ya kora rabin garkensa daji ranar da masu jangali za su zo, wani ya jinginar da gonarsa, wani ya ci bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka. In ka bi asalin gidajen unguwar nan da kyau, za ka tarar wasu ba fatauci kaɗai ya kawo su ba. A gidanmu dai an sha gaya mana cewa kakanmu ya baro garinsu ne a shekarar da aka kama ɗan'uwansa aka shanya shi a rana a ƙofar dagaci saboda sule uku. Ba ma faɗa da ƙarfi a da, yanzu kuwa ai babu kunya a ciki.

Ga inda rasidan gwangwanin nan suka shigo. Mutumin da ya gudo wa haraji, da ya zo nan sai ya zama shi ne mai ɗokin biya. Me ya sa? Saboda baƙo ba shi da gonar gado, ba shi da kabarin kaka a garin, ba shi da wata shaida cewa shi ɗan nan ne sai wannan 'yar takarda. In ɗan doka ya tare ka a hanyar Azare ko Damaturu, ita zai tambaya. In rigimar fili ta kai gaban alƙali, ita za ka fitar, ka ce shekara kaza ina biya a hannun mai unguwa wane. Shi ya sa tsofaffinmu suke adana ta kamar laya. Ta ci musu akuya da buhun gero, amma ta sa sunansu a littafin masarauta, kuma duk tsananin littafin nan, bai taɓa tambayar mutum ƙabilarsa kafin ya karɓi kuɗinsa ba.

Farashi ya ɗan farfaɗo wajen 1936, ya sake faɗuwa a 1938, sai yaƙin Hitila ya zo da nasa. Zafin shekarun nan bai tafi a banza ba. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, abin da ya fi jawo mata talakawa shi ne zancen haraji da jangali da wulaƙancin da ake yi wajen karɓarsu. A Barno ma Ibrahim Imam da ƙungiyarsa ta matasan Barno sun ɗauki irin wannan murya. Yaran da suka ga an shanya iyayensu a rana su ne suka girma suka cika tarukan.

Gwaji na biyu ya zo a kan idon wasu da ke raye a cikinmu, wato farin 1972 zuwa 1974. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, Musa Usman yana gwamna, Moi Muhammadu kuma yana nan kan gado, ya haura shekara 50 yana sarauta. Shi ya ga na 1930, ya ga wannan. Tafkin Chadi ya ja baya, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a hanya. Waɗanda suka iso kara ƙashi da fata ne, ana sayar da su kuɗin da bai kai na tunkiya ba a shekarar lafiya. Mutanen Nijar suka gangaro da raƙuma da yara, Buzaye suka cika bakin kasuwa. Wannan karon bambancin shi ne gwamnati tana da kuɗi, don a ƙarshen 1973 farashin man fetur ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Gwamnatin Janar Gowon ta ba jihohin Arewa kuɗin agaji, aka buɗe asusun taimako, aka sayo hatsi aka raba ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa. An yi ƙorafi, an ce wani hatsin ya ɓace a hanya, wani ya ɓullo a kasuwa. Amma dattawan unguwar nan da na tambaya sun ce abin da ya iso ya iso ƙofar gida, domin mai unguwa ya san kowane magidanci da yawan bakin da yake ciyarwa. Littafin da aka yi don karɓa, shi ya yi amfani ranar bayarwa. A 1975 kuma Gowon ya soke jangali don makiyaya su samu su mai da garke, ko da yake ga da yawansu saniyar da za a yafe wa kuɗin ta riga ta mutu.

Sai dai babban rabon na shekarar wasu ne suka kwashe. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, har da bashin watannin baya. Malamai da akawu suka sayi babur da rediyo, 'yan kasuwa suka ga kuɗi sun yi yawa suka ƙara wa komai kuɗi, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Manomin da fari ya cinye, da ɗan dakon da ba shi da albashi, ba su ga Udoji ba sai a bakin mai awo. Gardamar malamin firamare da dillali ke nan, shekara 50 kafin su zauna a majalisarmu.

A Nijar, yunwar ce ta ci gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu 1974, Seyni Kountché kuma da kuɗin yuraniyom suka shigo ya soke harajin kai kafin ƙarshen shekarun 1970. A nan gida, da farar hula suka karɓi mulki a Oktoba 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, alƙawarin da Malam Aminu Kano ya yi shekara kusan 30 yana ɗauka. Duk wanda ya ga murnar da aka yi ba zai manta ba, kuma ni ban ga laifin murnar ba, don abin da aka soke ya haɗa da bulala da shanya a rana. Amma akwai abin da ya tafi tare da shi wanda ba a lura ba. Da harajin kai ya mutu a Arewa, ƙidayar shekara-shekara ta mutu, littafin mai unguwa ya zama abin tarihi. Sojoji sun dawo da wasu kuɗaɗen bayan 1984 da man fetur ya faɗi, dokar 1998 ma ta bar wa jihohi kuɗin raya ƙasa na naira 100 a kan kowane baligi, ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin shanu da na kasuwa da na mayanka. Karɓa dai ba ta tsaya ba, wuri ta canja. Ta bar ƙofar gida ta koma ƙofar kara da tasha da shingen hanya, inda ake yagar maka rasit ba tare da an tambayi sunanka ba.

Kasuwar shanun garin nan tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. A tambayi duk wanda ya taɓa loda tirela daga nan zuwa kudu sau nawa yake sa hannu a aljihu kafin ya sauke. Yana biya fiye da yadda kakansa ya taɓa biya, amma ko ɗaya daga takardun nan ba ta shaida cewa shi ɗan wani gari ne.

Da korona ta zo a 2020 aka ga ramin. Gwamnatin tarayya ta ce za ta ba gidajen talakawa naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, amma sai wanda sunansa ke cikin rajistar marasa galihu. Babban Banki ya ware naira biliyan 50 na rance ga gidaje da ƙananan 'yan kasuwa, amma sai mai asusu da BVN da wanda zai cika masa fom a intanet. Dokar kuɗi ta ƙarshen shekarar ta ɗauke harajin albashi ga mai ɗaukar naira 30,000 ko ƙasa da haka, alhali a watan Fabrairun shekarar an riga an ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5, wanda shi kowa yake biya, har mai turin baro in ya sayi katin waya. Bayan cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, da naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, da ƙarin naira 35,000 ga ma'aikatan tarayya. Na ma'aikata ya fi saurin isa, don sunayensu suna cikin littafin albashi. Na sauran jama'a kuwa sai aka shiga neman waye talaka, ina yake, wa zai rubuta shi. Ni da kaina na raka wata gwauruwa maƙwabciyarmu wani wurin rubuta suna, aka tambaye ta takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. An haife ta a unguwar nan, an haifi ubanta a unguwar nan. Muka dawo ba a rubuta ta ba.

Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, abin da ya haura nan ne ake fara cirewa daga kashi 15 har zuwa 25 ga manyan masu samu. Mai haya kuma ana rage masa kashi 20 na kuɗin hayarsa daga abin da za a yi wa lissafi, muddin bai wuce naira 500,000 ba. Malamin firamare bai yi ƙarya ba, ƙaramin ma'aikaci ya samu sauƙi, kuma ya cancanta. Amma gida nawa ne a unguwar nan suke cin albashi? Mahauci da mai shayi da ɗan acaɓa da mai ƙuli-ƙuli dama ba a taɓa cire musu wannan harajin ba, to yafe shi bai ƙara musu ko mudu ba. Nasu harajin yana cikin litar mai da kuɗin mota da rasidan ƙofar kasuwa. An ce gyaran zai rage yawan kuɗaɗen da ake karɓa barkatai. Ranar da dillalinmu ya dawo daga kudu ya ce shingayen sun ragu, zan zo in rubuta a shafin nan.

Kafin nan, akwai abin da yake hannunmu. Na kai wa mai unguwa da dattawan kwamiti shawara cewa mu buɗe littafinmu da kanmu, gida-gida: magidanci, sana'arsa, yawan iyalinsa, zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da mai ɗauka, da wanda yake da lambar NIN da wanda ba shi da ita, don a taimaka masa ya yi. In rabo ya zo, ko daga gwamnati ko daga masu zakka, a tarar da mu a rubuce. Sun ce za a zauna a kai bayan sallar Juma'a ta farkon wata. Kuma duk wanda yake da tsofaffin rasidan haraji a gidansa, na uba ko na kaka, don Allah kada a bar wa gara, kada a ba yara su yi wasa da su. A kawo mu ɗauki hotonsu mu mayar wa mai su. Ina so mu ga wace ce mafi tsufa a unguwar nan, da sunan mai unguwar da ya sa mata hannu.